Awon da Suka Kira Hatimi

Shekara goma sha biyar ke nan da aka tsinci gawar ƙanena Sadiƙu a bayan wani sito a unguwar Mahjar ta Jidda, da la'asar ɗin wata Juma'a. Shekarunsa sha shida. An buge shi a ƙeya, kuma har yau ba mu san wanda ya yi ba.

Haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci. In na yi masa faɗa sai ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya, na ji," alhali bai ji komai ba. Yana koyon ɗinki wurin wani tela mutumin Nijar, ga shi da ɓatar da takarda, don haka a damtsensa yake rubuta awo da biro. Sai ya zana ɗakuna, ya sa kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo, kowane da lambarsa. Da safiyar ranar da aka kashe shi, a gabana ya auna Babanmu don ya ɗinka masa jallabiyar Sallah, ita ce za ta zama ta farko da zai yanka da kansa.

Waɗanda suka fara ganin gawar sun ga ɗakuna da lambobi, sai wani ya ce hatimi ne, irin na matsafa. Lokacin kuwa gari ya cika da labarin samari masu bautar Shaiɗan. Kafin magariba maganar ta kai unguwar Kurayyat, kafin mako an ce an zuƙe jininsa, an ce shi ya kai kansa. Masu cewa "in ba ƙira, me ya ci gawayi?" sun fi masu yi mana gaisuwa yawa. Mutum tara suka yi masa salla.

Mu uku muka san gaskiyar rubutun, ni da Baba da telan, kuma babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu. Telan ya rufe shago ya yi Makka. Na ce wa Baba mu je wurin 'yan sanda, ya ce, "In suka kwashe mu, wa zai riƙe uwarku? A bar wa Allah." Na yi shiru, kuma shirun nan shi ne abin da ya fi ci mini rai. 'Yan sanda suka bi zancen tsafi, suka kama wani malami mai rubutun sha, suka sake shi. Babu wanda ya tambayi da wa yaron ya fita bayan sallar Juma'a. Sai bayan shekara goma wata mai sayar da fura ta ce mini ta gan shi ya shiga farar mota da wani mutum, amma ta ji tsoron a ce tana da hannu a harkar matsafa. Yanzu ko fuskar mutumin ba ta tunawa.

Nakan tambayi kaina me Sadiƙu zai ce da ya ga yau. Yanzu teloli a waya suke ajiye awo, na san da ya yi mini dariya ya ce ai ga takardar da ba ta ɓata. Amma da ya ga yadda wayar ke kai ƙarya har unguwar Safa kafin mai ita ya rufe baki, ban san ko dariyar za ta ɗore ba. Baba ya rasu da maganar a cikinsa. Inna ta tsufa, har yau in an ambaci sunan Sadiƙu a taro sai ta sunkuyar da kai kamar mai laifi.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ni dai na ga 'ya'yanta. Ɗana na fari sunan kawunsa ya ci. Watan jiya ya dawo daga makaranta ya ce, "Umma, sahih kawuna sahir ne?" Yana nufin da gaske matsafi ne. Wai a bakin 'yan ajinsu ya ji, yaran da ba a ma haife su ba lokacin.

Abin da ya rage na Sadiƙu bai da yawa: kabari babu alama, da suna a kan yaro ɗaya, da wannan gaskiyar da na makara wajen faɗa. Na zaunar da ɗana na ba shi labarin duka, har da tsorona. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "To wa ya kashe shi?"

A tsawon shekara goma sha biyar ɗin nan, shi ne mutum na farko da ya yi mini wannan tambayar.