Na Je Ɗauko Yaya

Muna idar da sallar asuba muka bar Gyaɗi-Gyaɗi, ni da maƙwabcina ma'aikacin jinya. Yayana za mu ɗauko daga ƙauye. Ciwon suga ya ci masa ƙafa, maƙwabcin ya ce in aka ƙara jinkiri sai dai a yanke.

A tashar Unguwa Uku mota ta ƙi cika. In zauna, in tashi, in zaga. Ƙosan tasha ya tsuke, ɗaya bai fi loma ba, kuɗin kuwa ya yi ƙiba. Bayan Kwanar Ɗangora direba ya samu hanya, mu kuma muka kama salati. Duk inda ka duba, buhunan gawayi ne jere a bakin titi.

Gawayin nan kurminmu ne. Da muka isa ban gane rafinmu ba. Muna yara akwai wani ɗan dodon koɗi mai jan zane da ke manne wa itatuwan bakin ruwa. Ban taɓa ganin irinsa a wani wuri ba. Bishiyar da ya tashi a kai, a kanta yake mutuwa. Na tona ƙasa, ko katantanwarsa ban samu ba. Faɗa-wuta kuwa suna nan. Da magariba suka rufe fitilar Yaya, irin dai waɗanda ke faɗa mini a shayi a Gyaɗi-Gyaɗi.

Yaya ya bi su da kallo. "Ga 'yan'uwanka nan. Duk inda aka kunna wuta kuna can."

"Mu dai muna da rai, Yaya. Ina dodon koɗinka?"

Da safe ya ce mu tafi.

A Tudun Wada direba ya tsaya shan mai. Yaya ya ce zai kama ruwa, ya dogara sanda ya zaga bayan wani shago. Shiru, shiru. Na bi sawu, sai wani mai rake ya tare ni.

"Dattijon nan mai ɗingishi? Ai ya hau acaɓa. Ya ce a gaya wa ƙaninsa kada ya biyo shi."

Direba na ta danna ham. Maƙwabcina yana da aikin yamma. Na shiga mota.

Da la'asar muka iso Gyaɗi-Gyaɗi, na kasa zama a ɗaki. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: mutum ba buhu ba ne da za ka je ka ɗauko. Maƙwabcin ya haɗa mini auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo, ya nuna mini yadda ake yi a ƙafata. Jibi zan koma, ni kaɗai.