Waƙar da Ke Lamba Ɗaya a Littafin Awo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Litinin, goma sha shida ga Disamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina, telan layinmu, wanda kowa ke kira Alƙali. Ina cikin kemis ɗina ina jera kwalaben magani sai mai aski ya leƙo, ko sallama bai yi ba, ya kira ni da laƙabina ya ce, "Rediyo, rufe shago ka zo." Alƙali, na same ka a kujerarka, tef ɗin awo a wuya, wata riga rabin ɗinki a ƙarƙashin allura. Aka ce zuciya ce. An yi maka sutura bayan azahar. Yau kwana goma ke nan, kuma har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Alƙali, ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Uwargidanka ta damƙa mini littafin awonka, ta ce jibi Asabar in karanta wa jama'a jerin waƙoƙinka na bana kamar yadda ka saba. Na buɗe, na duba, na ga waƙar da ka sa a lamba ɗaya. Wannan waƙa ba zaɓinka ba ce. Ƙarya ce na yi maka, ka ɗauka ka rubuta. Tun ranar na rasa yadda zan yi: in karanta ta yadda take, in canza ta, ko in yi shiru.

Saboda jikokin da za su taso ba su san marigayin ba, bari in yi bayani. Mutum ne da son waƙa ya kama tun yana saurayi, bai kuma sake shi ba. Duk faifan da ya fito sai ya saurare shi daga farko har ƙarshe, ba ya tsallake waƙa ko da ta gundure shi, wai hakan cin amanar mawaƙi ne. A shafukan ƙarshe na littafin da yake rubuta awon mutane, nan yake ajiye hukuncinsa. Asabar ɗin ƙarshe ta kowace shekara, bayan la'asar, sai ya lulluɓe keken ɗinki, a fito da benci biyu, ya karanta mana faifai goma, waƙoƙi goma, da wasannin waƙa da ya halarta, daga na ƙasa zuwa na sama. Ni da mai aski da direban tasha da duk wanda hanya ta biyo da shi sai mu dinga musu har a kira magariba. Daga nan sunan Alƙali ya samo asali. Ni kuma shi ya raɗa mini Rediyo, wai idan aka kunna ni ba a san inda makashina yake ba.

Kuma da idon tela kake auna waƙa. Ka ce wannan kafaɗarta ta yi faɗi. Ka ce waccan an sa mata aljihu ba gaira ba dalili. Wani mawaƙi da duniya ke yayi ka ce yadinsa mai kyau ne, ɗinkin ne na gaggawa. Shekara talatin da ɗaya muna wannan zama, ko sau ɗaya zaɓina bai taɓa hawa sama da lamba huɗu ba. Ka ce kunnena na mai magani ne, duk abin da aka zuba wa sukari sai in haɗiye.

Amma bakinka ne kawai mai kaifi. Wata yarinya mai koyon waƙa ta taɓa kawo ɗinki, ta roƙe ka ka saurari muryarta. Ka gaya mata gaskiya, ta fita tana hawaye. Washegari ka aika mata da faifai biyar daga cikin waɗanda ko ni ba ka ba ni aro, da takarda mai nuna mata inda za ta kasa kunne a kowanne. Marayun bayan layi kuwa ba su taɓa shiga sabon aji da tsohuwar riga ba, uwarsu ce kawai ta san inda rigunan ke fitowa. Da matata ta rasu, kullum bayan la'asar sai ka rufe shago ka zo ka zauna da ni a tsakar gida. Kai da ba ka iya cin abinci sai da kiɗa, wata guda kana zuwa ba ka kunna komai ba, ba ka kuma ce mini in yi haƙuri fiye da sau ɗaya ba. Wannan zama ban manta da shi ba.

Bana ne ka sauya mini. Duk waƙar da na yaba sai ka gyaɗa kai ka ce, "Haka ka ji?" In ce haka na ji, ka ce, "To." Da farko daɗi ya kama ni, har na je ina yi wa mai aski alfahari cewa Alƙali ya tuba. Da abin ya yi yawa sai na fara jin haushi. Na ɗauka raini ne, ka ga ban ma isa ka yi musu da ni ba. Akwai ranar da na shigo na tarar rediyonka ya kauce daga tasha, sai shuu yake yi, kai kuma kana ta yankan yadi hankali kwance. Na gyara, na ce tsufa ya zo. Ka yi dariya, ni ma na yi.

A watan Agusta ne na yi abin da ya hana ni sukuni. Wani matashin mawaƙi ya fitar da wata waƙa da ta cika gari, kalma uku ake ta nanatawa, an bi da muryar ta cikin na'ura har ta koma kamar ta akuya mai mura. Na san idan akwai abin da zai tayar maka da tsohon hali, to ita ce. Na shigo shagonka, na kunna ta a wayata, na tsaya gabanka na haɗe fuska na ce, "Alƙali, ga waƙar shekara. Kiɗan ya zauna, babu zare ko ɗaya da ya fito." Ina jira ka jefe ni da allin awo. Sai ka zuba wa bakina ido, ka ce, "Haka ka ji?" Na ce haka na ji. Ka ce, "To." Na fita a fusace, kwana uku ban leƙo ka ba.

Ranar da uwargidanka ta ba ni littafin, a falonku, 'yarka ma'aikaciyar jinya tana zaune gefe. Na karanta faifai goman, duk zaɓina ne. Na karanta waƙoƙin, su ma nawa ne, har da kalmomin da na yi amfani da su. Da na kai lamba ɗaya na ga an rubuta da hannunka, "Kiɗan ya zauna, babu zare ko ɗaya da ya fito," sai na ce, "Wannan wace irin tsokana ce?"

'Yarka ta dubi mahaifiyarta, sannan ta ce, "Baba, ba ka sani ba ke nan? Shekara biyu kunnensa na tafiya. Bana kam ba ya jin komai sai tsawa. Baki yake kallo."

Na ce, "Kullum fa muna tare."

Uwargida ta ce, "Ai shi ya sa, Malam. Ya ce kai ba ka jiran amsa, ɓoye maka ba wuya. Ya hana mu faɗa wa kowa. Idan ya dawo gida sai ya zauna ya rubuta abin da ka ce. Yana cewa bana da kunnen amininsa yake ji."

Ban san yadda na isa gida ba. Ni da nake sayar da maganin ɗigawa a kunne shekara da shekaru, wanda ake kawo wa ƙorafin ido da haƙori, aminina ya kurumce a shagon da ke jikin nawa ban gane ba. Na rasa wanda zan yi fushi da shi. Wani lokaci haushinka nake ji, don me za ka ɓoye mini? Sai in tuna da na sani da bakina bai riƙe ba, kafin azahar layi ya ɗauka. Wani lokaci in ce ai wasa na yi, kuma mun saba. Amma wasa sai da mutum biyu, ni kaɗai nake yin nawa ban sani ba.

Shafin wasanni ne kaɗai naka na kanka. Uku muka je tare bana. A na babban ɗakin taro ka bar kujerarka ka je ka tsaya jikin lasifika ka ɗora tafin hannu a kai, na yi ta yi maka faɗa wai ka zubar mana da girma a gaban yara. Game da shi ka rubuta cewa mai gangar hagu ya fi kowa, hannunsa bai yi gaggawa ba ko sau ɗaya. Na filin makaranta ka ce fitilu sun fi mawaƙin aiki. Wanda ka sa a sama shi ne na tsohuwar mawaƙiyar nan da ta zauna a kujera ta yi waƙa da mai kiɗa ɗaya tak. Ka rubuta, "Ta rufe ido a waƙa ta huɗu, mata biyu a gabana suka yi kuka, Rediyo ya yi shiru minti goma. Ba sai na tambayi kowa ba." Na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta ƙare da kuka.

To ga Asabar ta matso. Idan na karanta lamba ɗaya yadda take, mai aski da direba za su ce Alƙali ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, kuma da wannan za su riƙa tuna ka. Idan na goge na sa wata, na yi ƙarya da hannun mamaci, bayan wadda na yi masa yana raye. Idan na faɗi dalili, na tona abin da ka sha wahala kana rufewa. Na saurari waƙar nan ya fi sau talatin cikin kwanakin nan, ko zan samu wani abin kirki a cikinta da zan kare ka da shi. Babu, Alƙali. Yadda na san ta haka take.

Da safiyar yau na tsayar da shawara, ko da yake ban tabbata ita ce daidai ba. Wannan takarda ba za ta fita daga hannun iyalinka ba, su suka san sirrinka, su ke da ikonsa. Jibi zan karanta komai yadda ka rubuta. Idan na zo lamba ɗaya zan miƙe tsaye in ce wannan aikina ne, ni na yaba masa ita da gangan alhali na san ba ta da kyau. Idan suka tambaye ni yadda aka yi mutum kamarka ya yarda, ba zan ambaci kunnenka ba. Zan ce musu ni ne na faɗa masa, shi kuwa bai taɓa zaton zan yi masa ƙarya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da 'yan uwa, da dukkan mutanen layinmu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa nasa. Kai kuma aminina, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Na tabbata da na zo na gaya maka gaskiya kana raye, da ka zage ni tas sannan ka yafe. Ban zo ba. Allah Ya yafe mini, Ya kuma haɗa mu a inda zan iya roƙonka da bakina. Amin.