Littafin da Ya Raba Ƙawata da Makaranta

A shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai ina ajin ƙarshe na firamare a Rano. Mu 'yan mata ba mu cika benci biyu ba, sauran duk maza ne. Wadda take zama kusa da ni 'yar Kibiya ce, mahaifinta ya kawo ta gidan ƙanwarsa a unguwarmu don ta ƙarasa karatu. A wancan zamanin yawancin iyaye ɓoye 'ya'yansu mata suke yi idan an zo ɗibar yara makaranta, wasu a cikin rumbu, wasu a tura su ƙauye wurin dangi. Shi kuwa mahaifinta manomi ne da matarsa ta rasu wurin haihuwa, ya ce in Allah ya yarda sai 'yarsa ta zama ungozomar asibiti. Da ƙafarsa ya kawo ta. Ta fi kowa lissafi a ajin, har mazan. Ba ta da yawan magana a gaban malamai, amma da mun fita ƙofar makaranta sai bakinta ya buɗe.

Tana da saurayi, kuma ba a ɓoye ba. Ɗan wani masaƙi ne a bayan kasuwa, matashi dogo, mai in'ina idan kunya ta kama shi. Bayan la'asar yake zuwa ya tsaya a gindin cediyar ƙofar gidan gwaggonta, ya aika a yi masa sallama da ita. Sau da yawa ina zaune a gefen tabarmar ina cin gyaɗar da ya kawo. Hirarsu ba ta wuce tsadar zare, da akuyar gwaggo mai shiga gonar mutane, da yadda ake rubuta sunansa da boko, ta zana masa a ƙasa da tsinke, ya kwaikwaya ya karkace, mu yi ta dariya. Gwaggo ta sani, mahaifinta ya sani, masaƙin ma ya sani. Abin da manya suka ce shi ne a bari ta gama makaranta tukuna.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon malami daga birni, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Yana da keke sabo da agogon hannu. Shi ya zo da akwatin littattafai, ya ce kowa yana iya ara ya kai gida. Kafin nan abin da muke karantawa bai wuce tsabtar jiki da noman auduga da labaran dila da kura ba. A cikin akwatin muka tarar da wani siririn littafi na Hausa, a bangonsa an zana yarinya da tulu a ka, ga saurayi riƙe da keke yana kallon ta. Ƙawata ce ta ara. Muka hau dutsen bayan gari muka zauna a inuwa, tana karanta shafi ina karanta shafi.

Ban taɓa ganin irinsa ba. Yarinya ce sa'armu, a gari irin namu, wani yana son ta, kuma ga shi an buga a takarda kamar yadda ake buga labarin sarakuna. An faɗi yadda take canja hanyar rijiya don ta bi ta inda yake zama, da yadda ta rasa amsar da za ta ba shi ranar da ya fara yi mata magana, sai da ta koma gida amsar ta zo mata. Ƙawata ta ajiye littafin a cinya ta ce, "Ashe ana rubuta wannan? Ni na ɗauka ni kaɗai nake yin haka."

Mun daɗe a rabin farko, muna ta maimaitawa. Har ta karanta wa ɗan masaƙi wani wuri, ya saurara ya ce shi dai yaron littafin nan surutu ya yi masa yawa.

Da muka shiga rabi na biyu sai labarin ya juya, kamar wani mutum dabam ne ya karɓi alƙalamin. Yarinyar da aka nuna mana mai kunya da hankali ta wayi gari tana yi wa uwarta ƙarya, ta sace zannuwanta, ta hau motar kaya ta bi saurayin birni. Can ya gudu ya bar ta. Ciwo ya kama ta, ta koma kwana a tasha, da ta dawo gida aka rufe mata ƙofa. A shafin ƙarshe aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ne ƙarshen duk yarinyar da ta tsaya sauraron samari. Shi kuwa saurayin, layi biyu aka ba shi: ya sami aiki a kanti, ya auri wata.

Na karanta wa kakata wannan ƙarshen tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Shi wanda ya rubuta wannan, uwarsa daga sama ta faɗo gidan ubansa?" Ta watsar da ɓawo ta ci gaba: "Ni a dandali kakanki ya gan ni. Damina biyu yana zuwa zance daga ƙauyen Saji, a ƙasa. Wace mota na hau? Duk matan unguwar nan an yi zance da su, nuna mini wadda ta kwana a tasha."

Da abin ya tsaya nan da mun yi tsaki mun mayar da littafin akwati. To, ranar wata kasuwa mun je sayo wa gwaggo daddawa, muka haɗu da ɗan masaƙi ya kawo sawayen da suka saƙa sayarwa. Ya sayi rake ya karya, ya ba ta rabi ya ba ni rabi. Da rana tsaka, a gaban duk mai ido. Malam ya zo wucewa yana tura kekensa, ya dube mu, muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa ya wuce.

Washegari a darasin karatu ya shigo da littafin a hannu. Ya kira ta gaban aji, ya buɗe babin ƙarshe ya miƙa mata.

"Karanta mana."

Ta fara. Da ta zo wurin motar kaya muryarta ta yi ƙasa. Ya ce, "Ɗaga murya, na baya ba sa ji." Ta ɗaga. Ta karanta ciwon, ta karanta tashar, ta karanta ƙofar da aka rufe, har manyan baƙaƙen ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ya karɓi littafin ya juyo gare mu.

"Kun ji ko? Akwai wadda ta riga ta kammala rabin farko jiya a kasuwa. Saura rabi na biyu."

Maza suka fashe da dariya. Ya ce ta koma ta zauna, kuma da sunan yarinyar littafin ya kira ta.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Malam, shi yaron littafin, me ya sa ba abin da ya same shi?"

Ya ce in fito. Ya ba ni bulala a tafin hannu saboda rashin kunya, ya ce da alama mu biyu ne a motar. Amsar da na samu ke nan, kuma har yau ba wanda ya ba ni wata.

Abin da yake ci mini rai, ko yanzu da furfura ta cika mini kai, shi ne wannan malamin duk yamma sai ya goge kekensa ya tafi zance gidan wani mai kanti a unguwar gabas. Yarinyar da yake nema ba ta girme mu ba. Garin duka ya sani, ba wanda ya ga laifinsa, don ba laifi ba ne. Amma ya tsaya a gaban allo ya ɗauki abin da shi kansa yake yi, ya shafa wa marainiya shi kamar kashin kaji a goshi. Kuma littafin ne ya ba shi sandar. Wanda ya rubuta shi ya san sarai yadda zuciyar yarinya take bugawa, ya zauna ya zana shi dalla-dalla har muka ga kanmu a ciki, sannan ya ja mu ya kai bakin rami. An yi mana tarko da abin da muka fi jin kunyarsa, aka kira shi tarbiyya.

Kafin mako ya zagayo sunan ya fita daga makaranta. Yara a bakin rijiya suna kiran ta da shi. Mata masu sayar da ƙuli-ƙuli, waɗanda ba su taɓa ganin littafin ba, sun ji cewa malamin makaranta ya ce 'yar Kibiya za ta bi mota. A bakin wasu ma har ta riga ta bi ta dawo. Idan motar gyaɗa ta tsaya a bakin kasuwa, sai 'yan ajinmu su ce mata, "Yi sauri, za ta tashi ba ke."

Gwaggonta mace ce da ba ta fita sai biki ko gaisuwar mutuwa. Ran nan ta yafa mayafi ta ce in raka ta wurin hedimasta. Dattijo ne mai sanyin hali, ya ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo. Littafin nan daga sama aka aiko shi, manya sun duba shi. Gargaɗi ne ga yara, ba da ita ake ba."

Ta ce, "Malam, ni ban zo ƙarar takarda ba. Yarinyar nan rago aka yanka aka raɗa mata suna. Shi malaminku me ya yanka da ya sake mata wani?"

Hedimasta ya sunkuyar da kai. Ya ce zai yi masa magana, kuma na yarda ya yi, don daga ranar Malam bai ƙara kiran ta da sunan ba. Haƙuri dai bai ba ta ba. Littafin kuma ya koma cikin akwati, 'yan ajin baya suna ara.

Masaƙin ya ce wa ɗansa ya ɗan janye har ƙura ta lafa. Bai janye ba. Ya zo gindin cediya kamar kullum, ya aika, ta ce a ce ba ta nan. Ya sake zuwa, ta ƙi fita. Na shiga na same ta a ɗakin gwaggo tana tsince shinkafa. Na ce, "Ke, mutumin nan fa tun ɗazu yake tsaye. Shi me ya yi miki?"

Ta ce, "Ba abin da ya yi. Amma duk wanda ya wuce ya gan mu, lissafi zai yi a ransa, ya ce yanzu sun kai shafi kaza."

A aji ta daina ɗaga hannu, ko a lissafi. Idan aka ce a fito da littafin karatu sai ta kifa kai a benci ta ce kanta yana ciwo. Ana saura 'yan makonni jarrabawar shiga makarantar gaba, ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta bi matan Kibiya da suka ci kasuwa suna komawa. Mahaifinta ya dawo da ita da kansa. Kasuwa ta gaba ta sake bin su. Da ya zo karo na biyu bai zo da ita ba, ya zo ɗaukar akwatinta ne. Ya tsaya a zauren gidanmu suka gaisa da babana, ina jin su daga tsakar gida. Ya ce, "Mutane sun ce mini makaranta tana lalata 'ya mace, na ce ƙarya ne. Yanzu ga makarantar da bakinta ta ce 'yata lalatacciya ce. Me zan ce musu?"

Ranar bikin mulkin kai aka ba mu 'yan tutoci muka yi maci a fili, aka raba mana lemo. Malam ne yake ba da umarni da usur a baki. Wata 'yar ajin baya aka sa a layinmu don ya cika.

Ɗan masaƙi ya koma kai sawayensa kasuwar Kibiya maimakon tamu. Da farko idan ya je zance ba ta fita, daga baya ta fara fita. Bayan damina biyu aka ɗaura musu aure, na je na kwana uku a gidan biki. Sun zauna lafiya har tsufa, shi yana saƙa yana noma, ita tana kiwon tumaki. Ba ta taɓa zuwa birni ba sai da ciwon ido ya kai ta asibiti, jikanta ya raka ta. Amma 'ya'yanta mata na fari ba wadda ta bari ta taka makaranta. Na yi magana har na gaji. Takan ce, "Ke kin tsira ne, ba ki san dalili ba." Sai a kan autarta ta sakko, shi ma don mijin ya sa baki.

Ni na ci jarrabawar, na tafi makarantar 'yan mata, na zama malama. Na koyar shekaru masu yawa, kuma ban taɓa hana ɗalibata karanta labarin soyayya ba, don na san ko na hana za ta karanta a ƙarƙashin benci. Abin da nake yi, in na karɓi littafin, babin ƙarshe nake fara dubawa, in ga wa aka bari a tsaye, wa aka kayar.

Na sake haɗuwa da Malam a wani taron malamai a Kano. Ya zama babba a ofishin ilimi, ya yi ƙiba, ana ta rusuna masa. Da aka tashi cin abinci na je na gaishe shi, na ce ni ɗalibarsa ce a Rano. Ya yi murna ƙwarai, ya ce ga irin 'ya'yan da suke alfahari da su. Na tambaye shi ko yana tune da 'yar Kibiyar nan da ya sa ta karanta babin ƙarshe a gaban aji.

Ya ɗan yi tunani, da gaske yake yi, ba basarwa ba. Ya ce, "Wace yarinya ke nan? Kin san yara da yawa sun bi ta hannunmu."

Na faɗa masa sunanta na yanka. Ya girgiza kai. Sai wani ya zo ya ce ana jiran sa a babban tebur, ya ce in gaishe masa da mutanen Rano, ya tafi.