Keken Shukar Ɗan Kawuna

Ɗan kawuna maƙeri ne a Gummi, kamar ubansa da kakansa. Ni ɗan ƙanwar ubansa ne, an ba da ni ga karatun allo tun ina ƙarami, don haka ban taɓa riƙe masaba da sunan sana'a ba. Taubasai muke, yana kirana bawansa, ni ma ina kiransa nawa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. In na sallami ɗalibai da hantsi nakan je maƙerarsa in zauna a kan wani tsohon wilin mota, yana aiki muna taɓa hira. Mafi yawan abin da zan faɗa a nan daga kan wilin nan na gan shi. Sauran kuwa Inna, mahaifiyata, ce ta ba ni labari, Allah Ya jiƙanta.

Ya taɓa zama a Gusau ya koyo walda, saboda haka ban da fartanya da lauje yana haɗa garmar shanu da amalanke da ƙofar ƙarfe. 'Yan shekaru bayan an yanke mana jihar Zamfara, 'ya'yansa maza suka tafi kudu ci-rani, suka fara makarar dawowa, daga baya ma suka daina zuwa da damina. Shukar gero kuwa aikin hannu da yawa ce. Mutum ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, wasu na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, kuma dole a gama kafin laimar ruwan farko ta gudu. Shi da mai ɗakinsa da ƙananan mata ba sa iya cinye gonar a kan lokaci. Wannan ne ya sa shi tunani.

Wata bazara na tarar ya jingine wilin keke a gaba, ya haɗa masa hannu biyu na turawa, ya ɗaura babban gwangwani a sama. Sarƙar keke ta taso daga wilin tana juya wani ɗan faifan ƙarfe mai huji a ƙarƙashin gwangwanin. In an tura, wani ɗan harshen ƙarfe yana tsaga ƙasa, iri ya biyo bututu ya faɗa, wani ƙarfen a baya ya ja ƙasa ya rufe. Taku ɗaya, zubi ɗaya.

Na ce, "Maƙeri, wanga kuma mi ne? Keke ne ya haihu?"

Ya ce, "Bawa ba ya tambayar ubangijinsa. Tashi ka tura, ka ci abinci yau da guminka."

Na tura a filin gaban maƙera. Ya bi bayana yana tona ƙasa da yatsa, duk inda ya tona sai ga ƙwayoyin gero 'yan kaɗan, kamar wanda aka ɗiba da yatsu uku. Na yi masa barka, na ce Allah Ya sa albarka. A ranar bai ɗauki abin a bakin komai ba. Da wani maƙeri ya biyo ta nan da ya nuna masa, domin maƙera rumfa ce marar ƙofa, kuma al'adarsu duk ɗan sana'ar da ya zo sai ya zauna ya kama zuga, idonsa na kan aikin da ake yi, ba mai hana shi.

Wanda ya biyo ta nan ranar shi ne wani malamin gona mutumin Anka, ya kawo gyaran salansar babur ɗinsa. Ya ga keken, ya tura, ya tsuguna ya leƙa. Sannan ya tambaye shi wa ya koya masa. Ɗan kawuna ya ce ba kowa. Sai malamin ya ce a shigar da abin daga ciki tukuna, yana da magana.

Ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce a duniya duk wanda ya ƙago wani abu da ba a taɓa yi ba, akwai ofishin da yake zuwa a yi masa rajista, a nan ƙasar yana Abuja. In an yi, abin ya zama nasa da sunansa, ba mai ƙera irinsa sai da izninsa. Ya nuna mana kwaɗon da ke rataye a jikin akwatin kayan aiki, ya ce dabarar da ke cikinsa wani ne ya ƙago, an san shi. Haka keken ɗinki, haka injin niƙa, har ɗan bakin da ake hura wa ƙwallon yara iska, kowanne da mai shi. Amma akwai sharaɗi. Sai abin yana sabo, bai bazu a idon jama'a ba. Ya ce zai bincika hanyar in ya je Gusau, kafin nan kada kowa ya gani.

Na lura ba maganar izni ko ciniki ce ta kama ɗan kawuna ba. Da malamin ya tafi, sai ya ɗauki wata fartanya yana jujjuyawa, ya ce, "Malam, wa ya fara ƙera wagga?" Na ce Allah kaɗai Ya sani. Ya ce, "To ka gani. Kakanmu ya mutu da basira cike da kai, ko jikokinsa ba su san mi ya ƙago ba." Abin da yake so ke nan, a ce keken shuka na wane ne. Ya sa na rubuta masa sunansa da ajami da alli a jikin hannun keken, ya bi rubutun da ƙusa da guduma, ɗigo bayan ɗigo.

Daga nan ya shigar da keken cikin gida. A ganinsa babu wurin da ya fi nan tsaro a duk garin, tunda ba namijin da ke wuce zaure, maƙera kuwa duk maza ne. A bayan ɗakuna akwai ɗan fili inda ake shuka kuɓewa. Nan yake jiƙa ƙasa da ruwan rijiya yana gwaji, yana kwancewa yana ɗaurawa, mata suna daka suna kallonsa suna dariya.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan, 'yan'uwa mata suka zo suna. Cikinsu har da ƙanwar mai ɗakinsa, wadda ke aure a Bukkuyum. Maƙera a junansu suke aure, don haka ita 'yar maƙeri ce, matar maƙeri, a gindin uwar maƙera ta yi rarrafe. Inna tana wurin, ita ta faɗa mini yadda aka yi. Ta ce bayan an watse, ƙanwar ta tarar da ɗan kawuna a bayan ɗaki yana turi.

"Mijin yaya, tsufa ne ya kawo wasan gare-gare?"

"Ke tafi can, ƙaramar matata. Wanga ya fi ƙarfin kanki."

"Ba ni in gani in ya fi ƙarfin nawa. Ko tsoro kake in fi ka iyawa?"

Ya ba ta. Ta tura ta kai bango ta dawo, ta sake. Ta tsuguna ta juya wilin da hannu tana kallon faifan, ta auna tsawon bututun da tafin hannunta, duk tana zolayarsa yana ramawa. Inna ta ce ita kanta ba ta kawo komai a ranta ba. Malamin gona ya ce kada kowa ya gani, shi kuwa ɗan kawuna da ya ji "kowa", maza ya lissafa.

Damina ta faɗi. Keken na rataye a ɗaki, shi kuwa ya fita da sungumi kamar kowa, ya gama shuka a makare. Na yi masa tsiya a kan haka, ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. Malamin gona ya zo sau ɗaya ya ce ana buƙatar zane da bayani da Turanci, yana neman wanda ya iya. Daga baya muka ji an yi masa canjin wurin aiki. Ɗan kawuna ya ci gaba da jira.

Da bazara ta zagayo muka shiga bas tare zuwa kasuwar Bukkuyum, shi da kayan noma na sayarwa, ni kuma ina neman ƙaro na haɗa tawada. Muna shiga layin maƙera muka ga mutane sun yi da'ira. A tsakiya mijin ƙanwar nan ne yake tura keken shuka, wasu kekunan kuma na jere a bayansa, an shafe su da koren fenti. Wili, hannu biyu, gwangwani, sarƙa, ba abin da ya ɓace. Tsakuwa ƙanana ya zuba a gwangwanin don nuni, suna faɗowa ɗai-ɗai, manoma na ta mamaki.

Da ya hango mu ya saki keken ya taho da fara'a. "Yaya, sannu da zuwa! Ka ga abinka? Mai ɗakina ta zana min shi a ƙasa da tsinke, na ce wanga sai Yaya." Bai ga laifi a ciki ba, kuma a bisa al'adarsu babu laifin. Ya kawo mana fura, ya shimfiɗa buhu.

Ɗan kawuna bai sha furar ba. Ya ɗauki keke ɗaya, ya buɗe murfin gwangwanin, ya zura hannu har ƙasa ya shafa. Na ga ya ɗan tsaya. Sannan ya mayar da murfin, ya ce aiki ya yi kyau, Allah Ya kawo kasuwa.

A mota muna dawowa ya faɗa mini abin da ya taɓo. A nasa keken, can cikin gwangwani a bisa hujin, ya manna wani yanki na robar silifa wanda ke share iri, ya bar 'yan ƙwayoyi kawai su wuce. Daga waje ba a ganinsa, don haka ƙanwar ba ta gani ba. In babu shi, tsakuwa za ta faɗo daidai, amma gero da yake ƙanana ne zuba zai yi kamar an kwance bakin buhu.

Na ce, "To ai sai ka koma ka gaya masa."

Ya ce, "In gaya mai? Ya sha romon, in miƙa mai naman?"

Na tuna masa cewa waɗanda za su saya manoma ne irinsa, kuma irin da mutum ya adana tun kaka ba abin wasa ba ne. Na tuna masa abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya ɓoye sani ana bukatarsa. Ya ce in bari sai ranar Juma'a in hau mumbari. Lissafinsa shi ne na Bukkuyum za su lalace, mutane su gane na jabu ne, sannan shi ya fito da na gaskiya, kowa ya san mai shi. Ban sake tayar da maganar ba. Mutum ne da in ya kafe, ƙarfensa ma ya fi shi saurin lanƙwasuwa.

Ruwa ya sauka. Waɗanda suka sayi keken, daga ƙauyukan Bukkuyum har wajen Anka, suka fita da shi. Kafin su kai tsakiyar gona iri ya ƙare. Waɗanda suka lura da wuri suka jefar da shi suka koma sungumi. Waɗanda ba su lura ba suka shiga neman iri wurin maƙwabta a lokacin da kowa ke bukatar nasa. Inda keken ya bi kuwa, gero ya tsiro cunkus kamar gashin kai, cirarsa ta fi shukar wahala.

Ranar kasuwa suka mayar wa maƙerin Bukkuyum da kekunansa, da faɗa da zagi. Shi kuma da ya ga an taso masa, sai ya faɗi gaskiya. Ya ce shi bai ƙago komai ba, kwaikwaya ya yi, mai dabarar yayansa ne na Gummi, ya kama suna ya faɗa. Ya faɗa wa duk wanda ya zo, kasuwa bayan kasuwa. 'Yan kabu-kabu da direbobin bas suka ɗauki labarin suka kai inda ƙafa ba ta kai ba.

Da ɗan kawuna ya fito da nasa, ba wanda ya yarda ya saurara. Ya kai shi kasuwar Gummi ya zuba gero na gaske ya tura a gaban mutane, ya tona ya nuna musu. Wani dattijo ya ce, "Haka wancan ma ya nuna muna." Ya buɗe gwangwanin ya nuna robar, aka ce yanzu ne ya sa ta bayan ya ga ɓarnar da ya jawo. Maganar Abuja kuwa shi da kansa ya bar ta, ya san sharaɗin ya riga ya karye.

Ya yi shekaru yana shuka gonarsa da keken, shi kaɗai, yana gamawa kafin masu 'ya'ya. Geronsa na fitowa a jere gwanin sha'awa. Masu wucewa sukan tsaya a bakin gona su duba, su ce ai da asuba yake komawa da sungumi ya gyara.

Sunan dai ya zauna, har yau yana nan. A kasuwannin yankinmu in buhu ya huje yana zubar da hatsi, ko aljihun mutum ba ya riƙe abu, sai a ce ya zama keken wane, a kama sunansa. Yaran da ke faɗa yanzu ba su san ko wane ne ba. Sau ɗaya aka faɗa a gabansa ina zaune, wani mai amalanke ne yake yi wa abokinsa tsiya a bakin maƙera, bai san gaban wa yake ba. Ɗan kawuna ya ɗaga kai ya dube shi. Sannan ya juyo ya ce, "Bawa, miƙo min awartakin can, ƙarfe na hucewa."