Ƙuri'ar Matar Kawu

Har yau in na ji masu ilimi a rediyo suna bayani wai mutanen Madarumfa haka ra'ayinsu yake tun farkon mulkin kai, wai duk bakinsu ɗaya, sai in ji kamar in wurga rediyon cikin tafki. Ni na zauna bakin akwatin zaɓen nan, na san mai yin zaɓen. Mai unguwa ne da buhunsa.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, kuma da yake masu rubutu ba su da yawa, duk zaɓe ni ake ɗora wa rajista. Jam'iyya ɗaya ta rage, an soke ɗayar, takarda iri ɗaya ce a kan tebur. Ga shi zaɓen yakan faɗo da kaka, ana girbin gero ana cirar gyaɗa. Wa zai bar gona ya tsaya layi kan abin da an riga an gama? Sai aka saba, mai unguwa ya riƙe katunan mutanensa duka, ya zo da hantsi ya zazzage mini, ina kiran suna ina sa alama, shi yana cusa ambulan a akwati. Kafin azahar kowa ya yi zaɓe, har waɗanda suka ƙaura Katsina, har na kabari, don daga Maradi rajistar take zuwa, can kuwa ba su da labarin mutuwarmu.

Cikin na kabarin akwai matar kawuna, wadda muke kira Inna. Mai bandar kifi ce, mai baki, kuma 'yar a-mutun jam'iyyar da aka soke. A tsakiyar kasuwa ta rantse hannunta ba zai taɓa jefa wa waɗannan ƙuri'a ba. Tana raye ta cika rantsuwarta, don ƙwace katinta take yi ta ɓoye a tukunyar daddawa. Da ta rasu sai sabon kati ya riƙa zuwa hannun mai unguwa, ta zama ba ta fashin zaɓensu.

Wata shekara, ana saura kwana uku zaɓe, Kawu ya zo har lakwal, yana ƙarnin kifi, ya kira ni da laƙabin da ake kiran malaman lakwal da shi.

"Mushe, abu guda nika roƙo. Ka hidda ta. Tana raye ba su same ta ba, sai yanzu da take kwance?"

Na ce ba ni da ikon goge suna, sai Maradi.

"To mi kunka koyo cikin bokon naku?"

Maganar ta ƙona mini rai, don gaskiya ya faɗa.

Ranar zaɓe, da na iso kan katin Inna, na zare shi na tura aljihu, na wuce suna na gaba. Mai unguwa bai san ko baƙi ɗaya ba, amma ya san jerin gidajensa kamar yatsunsa. Ya ɗaga hannu.

"Ka tsallake Inna."

"Baba, ai ta rasu."

"Haba ɗana! Ni kaka shaida ma? Ni na shiga kabarinta. Mata ta yi shekara arba'in cikin unguwag ga, don ta mutu sai mu yad da ita? Ni ba ni ware nawa."

Wallahi har idonsa ya kawo ruwa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: mutumin nan tsakani da Allah gani yake mutunci yake yi mata. Na yi bayani, na sake yi, ya ce bokon ne ya cire mini imani. Muka yi ta ja har ladan ya kira azahar. Na dai ƙi fito da katin, shi kuma ya naɗe buhunsa ya fita bai yi mini sallama ba.

Da aka ƙirga, unguwarmu ta gaza da mutum ɗaya. Mu da ke bakin iyaka, dama kallon zargi ake mana, don haka bayan kwana biyu sai ga gardi, wato dogarin gwamnati, daga biron kumandan mai mulkin yankin, wai a nuna masa wanda ya ƙi yin zaɓe. Na ce matacciya ce. Ya ce sauran matattun ai duk sun yi, ita me ya hana ta? Na ja shi zuwa bakin tafki, inda Kawu ke zaune yana ɗinkin koma.

Gardin ya buɗe takarda ya karanta sunan Inna da ƙarfi, ya ce an rubuta ta ƙi.

Kawu ya ajiye allurar. "Sake karantawa."

Ya sake.

"An rubuta haka? Cikin takardar gwamnati?"

"An rubuta."

Kawu ya goge fuskarsa da bakin riga. Sannan ya nuna wa gardin hanyar maƙabarta da haɓarsa.

"Ita ce. Tana nan ƙarƙashin tsamiya, kabari na ukku. Ku tahi ku kama ta."