Ɗaurin Jaridun Ɗan Fari

Mu biyar ne a tsakar gida ranar, ana ɓarar gyaɗa: ni, da autana, da matarsa, da ƙanen marigayi maigidana da yara ke kira Baffa, sai ɗana na fari, wanda ya sauko daga motar Bici da ɗaurin jaridu a ka kamar mai tallan itace.

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. Haka muka taras ana yi. Amma na san fuskarsa a takarda. Shekara da shekaru hotonsa na fitowa a bayan jarida, ɗan ƙarami, a saman rubutun da ban iya karantawa.

Ya gaida kowa, ya zauna, ya ce an daina buga jaridarsu. Mutane sun koma karanta labari a waya, masu ba da talla sun bi su. An sallame su, aka ce kowa ya kwashi abin da ya yi kwantai.

"To yanzu fa?" in ji Baffa.

"Gona nake so, Baffa. Ko ɗan gefe ne."

"Da wane hannu? Wannan da biro ya lalata? Kai da bakinka ka bar wa ƙanenka rabonka na gonar gado, a gaban liman. Nan ko akuya ka ɗaure, igiyarta a gonar wani za ta kwanta."

Autana ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, abin da yake nomawa da ƙyar yake kai su bazara.

Matarsa ta shafa ɗaurin ta ce, "Yaya, ka kai wa masu tsire na Kunci mana, ai saye suke."

Aka yi dariya, har da shi. Tasa ba ta da sauti.

Yarinyar ba ta san abin da na gani ba. Kafin azumi na sayi ƙosai a kasuwar Kunci, aka naɗe min a yagen jarida. Ina buɗewa sai ga shi yana kallona, mai ya jiƙa fuskar har ina hango yatsuna ta cikinta. Ban ci ƙosan ba, ban gaya wa kowa ba. Tun daga ranar, in na zauna a kan sallaya, wannan fuskar ce ke zuwa, ba ta yaron da na goya ba.

Sau ɗaya ɗan nawa ya ɗago ya dube ni. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Na ci gaba da ɓara, har na farga ɓawo nake zubawa a ƙwarya, gyaɗar a ƙasa.

Washegari da na idar da sallar asuba na ja ɗaurin na ɗora a kan dutsen rumbu, inda gara ba ta kai, na rufe da tsohon zanena. Na ɗauko fartanyar ubansa na jingina a ƙofar ɗakin da ya kwana. Sannan na nufi 'yar gayaunata ta bayan gida, wadda marigayin ya yankar min, na fara tuge kuɓewata tun tana 'ya'ya. Na ji takunsa a bayana. Ban waiwaya ba.