Wanda Ake Ba da Aronsa Ranar Gayya

Idanunsa na fara gani. Ranar gayya ce a gonar kawunsa, cikin daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Mu 'yan mata mun kawo ruwa da fura, samari sun jeru da garemani suna huɗa, makaɗi na bin bayansu da gangar noma. Shi ne a gaba, ya bar sauran nesa. Da ya kai bakin gona ya ɗago, sai na ga idanun jawur. A ƙananan littattafan da wana yake sayo mini a kasuwar Funtua, duk saurayin da idonsa ya yi ja, so ne ya hana shi barci. Na ciro adikona na miƙa masa, ƙawayena na guɗa.

Maraya ne, kawunsa ya riƙe shi. Da rani yakan je Funtua dakon auduga, a can yaran mota suka koya masa shan wiwi. Ya dawo da ita gida, kowa kuma ya ga amfaninta: in ya zuƙa, ba ya jin rana, ba ya jin yunwa. Ita gayya ramawa ake yi. Wanda ka yi wa aiki yau, gobe zai zo gonarka. Kawun ba ya zuwa gonar kowa, shi yake turawa, ana kuma lissafa shi a matsayin mutum uku.

Na sha ganinsa yana dariya, kafin in juya ya fashe da kuka. Wata rana a bakin rijiya ya yi ta jibgar jakinsu don ya taka masa guga, sannan ya rungume wuyan jakin yana ba shi haƙuri. Ni kuwa zuciyata sai bugawa take yi. Haka jaruman littattafaina suke, wuta da ruwa a ƙirji ɗaya.

"'Yar boko," ya ce mini, don haka yake kirana, "a takardunki akwai wanda zuciyarsa ba ta jin maganarsa?"

"Duk masoya haka suke, Yaya."

"Ni ba wannan nake nufi ba. Ina so in bar abin nan. In na sha, wani ne ke shiga rigata."

Ya kuwa bari. Kwanaki ya yi yana gumi, ba ya cin abinci, ko kaza ta gifta sai ya yi mata tsawa. Ya roƙi kawun ya ɗaga masa gayyar da ke tafe, ta wani babban manomi da ake kira Alhaji, har jikinsa ya dawo. Ina tsakar gidansu ina taya matar kawun surfe, na ji amsar.

"Na riga na ce wa Alhaji za ka je. In ba ka je ba, wa zai zo tawa? Uwarka?"

Ranar gayyar ya zo, garma ta yi masa nauyi. Yaran da bai taɓa ganin ƙeyarsu ba suka wuce shi. Makaɗin ya bar na gaba, ya dawo ya tsaya a kansa, ya juya masa kirari: ga zakaran bara ya zama kazar bana, a kawo masa zane da ludayi. Mutane suka yi ta dariya. Kawun ya tako, ya jefa masa ɗan ƙullin wiwi a gabansa.

"Ɗauki, ka daina ba ni kunya."

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Ya dube ni, ni kuma na ɗaga masa adiko. Ya ɗauka ya zaga bayan ɗorawa.

Da ya dawo, ƙasa sai tashi take yi. Ya cim musu, ya wuce, ganga na zuga shi. Amma da ya kai iyakar gona bai tsaya ba. Ya faɗa cikin audugar maƙwabci yana kifar da shuka, ana kira ba ya ji. Da aka riƙe shi ya fizge, ya sari gangar da garma har ta yage, sannan ya zauna a ƙasa yana kiran uwarsa da ta rasu tun yana goye. Makaɗin ya ce a biya shi fatar gangarsa. Alhaji ya ce a tashi a ƙarasa, rana na yi.

Aka kai shi wurin wani mai magani a bayan Tsiga, aka dawo da shi da marin ƙarfe a ƙafa. Kawun ya sa maƙeri ya ƙara wa sarƙar tsawo, daidai yadda zai iya takawa yana huɗa. Haka ya ci gaba da zuwa gayya, ana jin ƙarar ƙarfen tun daga hanya. Da na kai masa fura bai gane ni ba. Ya karɓa ya ce, "Allah ya ba ki miji."

Allah ya ba ni, a Malumfashi. Shekaru da yawa bayan haka, ina tasha da 'ya'yana muna jiran motar Musawa, na ji yaran mota suna kaɗa gwangwani suna shewa. Wani mutum mai furfura ya sunkuya a tsakiyar fili, ba komai a hannunsa, yana huɗar ƙasar da babu shuka. Ba sarƙa a ƙafarsa, amma takunsa bai wuce tsawonta ba. In sun bar kiɗan sai ya tsaya a sunkuye yana jira. Wani direba ya jefa masa guntun sigari, ya ce yaran su ƙara masa kiɗa, bai gama gonar ba.